Matar da ginshiƙin motata ya ɓoye mini

Na daɗe ina aikin ungozoma kafin in taɓa riƙe sitiyari. Gidanmu a Gumel yake, sai aka mayar da ni wani ƙaramin asibiti a wajen Ɗanzomo, ya zama kullum da safe ina tasha ina jiran mota ta cika. Wata rana ta cika da wuri, wata rana sai rana ta ɗaga sosai, in isa in tarar da masu awo sun gaji da jira, wasu har sun koma gida. Maigidana ne ya fara cewa a nema mini mota. Ni kuwa tsoron mota nake yi, kuma ina da dalilina.

Mu uku ne a ɗakin mahaifiyarmu: Yaya, ni, da autanmu. Yaya direban haya ne tun yana saurayi, yana jigila tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci ya gangara Gagarawa. Autanmu kuwa a hanyar Gagarawan nan ya rasu, a cikin irin tsofaffin motocin haya masu dogon baya. Taya ce ta fashe, motar ta yi ta tungurawa, rufinta ya lotse har ya haɗe da kujeru. Ba Yaya ne ke tuƙin ba, amma shi ya je ya ɗauko gawar, kuma da bakinsa ya gaya mini cewa rufin ya kwanta kamar an taka gwangwani. Saboda haka da maganar mota ta taso, ban damu da launi ko sanyin ciki ba. Abu ɗaya na roƙa, a samo mini wadda rufinta ke da ƙarfi.

Aka kawo mini 'yar Kwatano, irin waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje, ruwan toka, mai ɗan tsayi. Ƙofarta kaɗai in ka rufe sai ka ji nauyi. Da Yaya ya zo dubawa, ya buɗe gaba ya saurari inji, ya ce lafiyarsa lau. Sannan ya shiga mazaunin direba ya zauna, ya yi ta juya kai hagu da dama, ya waiga baya. Da ya fito sai ya ce motar ɗaki ce mai kyau amma tagoginta sun yi ƙanana. Ya dafa ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da gilashin ƙofa, wanda ke riƙe da rufi, ya ce a tsohuwar motarsa wannan ginshiƙi bai fi kaurin yatsu uku ba, na wannan kuwa ya fi tafin hannunsa faɗi. Na ce ai abin da nake so ke nan. Ya dube ni, ya san abin da nake nufi.

Shi ya koya mini tuƙi a filin idi, bayan la'asar, har kusan wata biyu. Ni gajeruwa ce, sai da na ɗora matashi a kujera kafin in riƙa hango hancin motar. Yaya ba ya faɗa, amma yana da yawan gargaɗi: kada in taka birki a cikin yashi, kada in yarda da hannun ɗan acaɓa, in ga akuya ɗaya ta tsallaka in jira ta biyu, in na zo mararraba in ɗan sunkuyo gaba in leƙa. Duk na ji su, amma na jera su wuri ɗaya, ban san akwai wanda ya fi wani nauyi ba. Na shekara ina zuwa aiki ina dawowa, ko kaza ban taɓa takawa ba.

Abin ya faru ne da damina, ranar kasuwar Maigatari. An yi ruwa da asuba, gari ya waye fes, gero ya kai ƙugu a gonaki. Akwai inda nake barin kwalta in karya hagu in hau burjin da ke kaiwa asibitinmu. Na rage gudu, na kunna sigina, na tsaya wata babbar mota mai ɗauke da shanu ta wuce. Na duba hagu, na duba dama, na sake duba hagu. Babu kowa. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan a buɗe, ga jar ƙasa da ruwa kwance a gefe, ga bishiyar aduwa a can gaba. Na murza sitiyari na ɗan taka totur.

Nono na fara gani. Fari fat ya wanke gilashin gabana, sannan na ji ƙarar ƙwarya ta fashe, sannan motar ta ɗan ɗaga ta ɓangaren hagu. Na taka birki da ƙafa biyu.

Da na fito sai na ga mace kwance a gefen taya, dattijuwa, siririya, da zane mai duhu da tsagar Fulani a gefen baki. Ba ta yi ihu ba. Salati take yi a hankali, hannunta na lalubar faifan da ya faɗi nesa da ita. Ƙafarta ta dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta. Aikina ya sa ina ganin haka na san ƙashin cinya ya karye daga sama. Na durƙusa a cikin taɓo na ce kada ta motsa. Mutane suka taru, masu babura da masu tafiya kasuwa. Wani ya ce wannan ai Malamar asibiti ce, wani ya ce mata da mota sai a hankali. Na sa aka samo katako biyu daga wata rumfa, na cire mayafina na ɗaure ƙafar, muka kwantar da ita a kujerar baya. Ban iya komawa kan sitiyari ba. Wani direba da ya san Yaya ne ya ja motar zuwa babban asibiti a Gumel, ni ina baya, kanta a kan cinyata, warin nono ya cika motar.

Hoto ya nuna abin da na zata. Likita ya ce sai an yi aiki an saka ƙarfe, kuma sai an kai ta gaba, domin a nan ba a yin irinsa. Kafin azahar mijinta ya iso tare da ɗansu da ardon rugarsu. Mijin dogon tsoho ne mai farin gemu, da sanda da malafa. Na zube a gabansa na gaishe shi, na ce ni ce na buge ta. Na shirya wa zagi, har na shirya wa mari. Ya ce in tashi. Ya tambaya ko da gangan na yi, na ce a'a. Ya ce to abin da Allah ya rubuta ne, su ba su da shari'a da ni. Da 'yan sanda suka zo ma haka ya maimaita musu, ardo ya shaida. Ɗan kuwa ya tsaya jikin bango yana kallona, kuma kallonsa ya fi mini daidai da abin da nake ji a raina.

Washegari na kai wa matar kunu. An ba ta maganin ciwo, hankalinta ya dawo. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Wallahi ban gan ki ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Na ga kin tsaya, 'yata. Na ce ni kike jira in wuce. Na nemi fuskarki ban gani ba, hannunki kawai na gani a kan abin tuƙin."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Da a ce gudu nake yi, ko waya nake dubawa, da na san laifina, na san abin da zan tuba a kai. Amma na tsaya, na duba sau uku. Mace ce babba da ƙwarya uku a kanta, gari a waye, a fili. Na fara zargin idona. Na je aka auna, aka ce lafiya lau. Na fara zargin hankalina, ina tunanin ko na gan ta ne ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓa.

Da na gaya wa Yaya abin da matar ta ce, sai ya ce in ba shi makulli. Ya kai ni filin da ya koya mini tuƙi, ya ce in zauna a mazaunina yadda na saba, da matashina, kada in motsa kai. Ya fita ya yi tafiya kamar taku goma sha biyar ta gaban motar wajen hagu. Ina kallonsa, da babbar rigarsa da hularsa, sai na ga ya shiga bayan ginshiƙin nan ya ɓace. Ba gefensa ba, ba rabinsa ba, duk ɗinsa. Ya ɗaga murya ya tambaya ko ina ganinsa, na ce a'a. Ya ce ya buɗe hannuwansa biyu, na ce yatsu kawai nake hangowa. Sannan ya ce in kunna mota in karya hagu a hankali, shi kuma zai yi tafiya irin ta mai kaya a ka. Na yi. Motar na juyawa, shi yana takowa, ginshiƙin na binsa kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Sai da ya zo dab da fitila sannan ya ɓullo. Na kashe motar na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar da abin ya faru.

Yaya ya bar ni na gama. Ya ce shi ma da laifinsa, ya ga abin tun ranar farko, ya kamata ya tsayar da ni a kansa kwana guda cur, ba ya haɗa shi da maganar akuya ba.

Fitilar hagu ta fashe, gefen ya ɗan lotsa, sai muka kai wa wani mai gyaran bodi, abokin Yaya, wanda ya yi shekaru yana aiki a Kano kafin ya dawo gida. Na tambaye shi ko za a iya rage kaurin ginshiƙin. Ya yi murmushi ya ce in ya taɓa shi ya kashe motar. Ya ɓalle robar da ke lulluɓe da shi daga ciki ya nuna mini. Ƙarfe ne ninki-ninki, ga kuma wata farar jaka a naɗe kamar tabarma, wadda ya ce ita ce ke kumbura ta tare kan mutum in an yi karo. Ya ce a ƙasashen da ake ƙera motocin nan doka ce, ba a yarda a sayar da mota ba sai rufinta zai iya ɗaukar nauyinta in ta kife, sai kuma ta kare na ciki in an buge ta daga gefe. Shi ya sa ginshiƙai suka yi kauri, ƙofofi suka yi tsawo, gilashi ya ragu, na baya ma ya zama kamar tagar kurkuku, ga matasan kai na kujeru sun ƙara tare shi. Ya nuna mini wata mota a bayan garejin, irin tawa, wadda ta yi tungure a hanyar Maigatari. Gilasanta duk sun zube, amma rufin na tsaye. Ya ce mutum biyar ne a ciki, kowa da ƙafarsa ya fito.

Na tsaya ina kallon rufin nan. Da a irinta autanmu yake, da wataƙila yanzu yana da 'ya'ya. Na san Yaya ma abin da ke ransa ke nan, domin ya juya baya yana duban titi. Ba zan iya cewa waɗanda suka yi dokar sun yi kuskure ba. Amma na tambayi mai gyaran, su can ba su da masu tafiya a ƙasa ne? Ya ce suna da su mana, sai dai ya ji an ce can mai ƙafa da wurin tsallakawarsa, da fitilar da ke tsayar da mota dominsa, kuma sababbin da ake yi yanzu har ƙara suke yi in mutum ya gitta. Mu kuwa sai sun tsufa suke iso mana, mu zuba su a hanyar da shanu da amalanke da babur da mai tallan nono duk suke bi tare.

Kwana biyar matar ta yi a asibiti. Na yi ta roƙon mijinta ya bari a kai ta inda za a yi aikin, na ce ni zan tsaya a kan komai. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce ba za a yanka matarsa a saka mata ƙarfe ba, suna da mai ɗori a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar wanda ya ɗora ƙafar ƙaninsa har ya koma kiwo. Na ce, "Baffa, wannan karayar daban ce, a can ciki take, kara ba ya kama ta." Ya ce ya ji. Na koma wajen matar, ta ce abin da Baffa ya ce shi ne. A nan na gane ba ni da bakin magana. Da wata ce ta buge ta, da na yi faɗa a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, na kira ardo, na kafe. Amma wadda ta karya ƙafar ba ta da ƙarfin da za ta ɗaga murya a kan yadda za a gyara ta. Suka tafi da ita.

Na ajiye motar, na koma tasha. Wata huɗu tana tsakar gida a rufe da tamfol. Duk ranar da ba ni da aiki nakan hau babur in je rugarsu, wadda take bayan gonaki, tafiyar da ba ta da nisa daga mararrabar. Nakan tarar da ita a bukka, ƙafar a ɗaure da kara da tsumma, ta rame. Takan karɓe ni da fara'a, ta sa surukarta ta dama mini fura. A hirarmu na ji cewa tun tana amarya take kai nono kasuwanni da ƙafa, ta san kowace hanya daga nan har bakin iyaka, har da ƙauyukan da ke tsallake inda 'yan'uwanta suke. Ta ce ba ta taɓa kwana biyu a jere a gida ba sai in haihuwa ta yi. Ba don ta sa ni jin kunya take faɗa ba, labari kawai take bayarwa, amma nakan koma gida in kasa cin abinci.

Ƙashin ya haɗe, amma a karkace. Da ta fara miƙewa bayan kaka, ƙafar ta gajarce da kusan faɗin hannu. Da sanda take takawa, daga bukka zuwa gindin bishiya, daga nan ta zauna tana haki. Ƙwarya kuwa ba ta sake hawa kanta ba. Surukar ce ta karɓi tallan.

Yaya ne ya matsa mini na koma tuƙi. Ya ce ajiye motar bai ƙara wa matar tsawon ƙafa ba, masu awo kuma suna can suna jira. Na yi tunanin sayar da ita in nemi tsohuwa mai siraran ginshiƙai, shi da kansa ya hana, ya ce ba zai sake zuwa ɗauko wani nasa daga ƙarƙashin rufi ba. Na koma, amma tuƙina ya canja. A kowace mararraba sai na tsaya cak, in sunkuyo har ƙirjina ya taɓa sitiyari, in koma baya, in sauke gilashi in leƙa. Na baya su yi ta danna hon. Abokan aikina har tsokanata suke yi wai ina yi wa hanya ruku'u. Duk da haka sau biyu babur ya ɓullo mini daga bayan ginshiƙin nan kamar daga ƙasa ya tsiro, sai da na tsaya a gefen titi kafin in ci gaba.

Da damina ta zagayo, wata safiya aka kawo surukar asibitinmu a amalanken shanu, naƙuda ta yi tsanani tun jiya. Ɗan ne ke jan shanun, wanda har lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. A bayan amalanken, kusa da mai naƙudar, ga Inna zaune da sandarta. Ta ce su ba su saba haihuwa a asibiti ba, ita ce ta ce a kawo ta wurina. Yaron a kwance yake ba daidai ba, na sha wahala kafin ya juyo, amma kafin azahar ya faɗo da ransa, namiji. Na wanke shi na kai mata. Ta karɓa ta yi addu'a, ta sa mini albarka mai tsawo, har ɗan ma ya ce Allah ya saka.

Da la'asar na sallame su. Hadari ya haɗo, na ce ba zai yiwu mai jego da jariri su bi amalanke ba, zan kai su a mota. Suka yarda. Na buɗe ƙofar baya mai jego ta shiga da jaririn, na buɗe ta gaba na ce Inna ta zo. Ta tako da sandarta har kusa, ta tsaya tana duban motar, daga fitilar da aka canja har zuwa tayar. Tun ranar da aka kai ta asibitin Gumel ba ta sake ganin motar ba.

Ta ce, "Ku je, 'yata. Ni zan biyo shanu."

Na ce ruwa zai dake ta. Ta ce ta saba da ruwa. Ɗanta ya ɗaga ta ya ɗora a amalanke, ya lulluɓa mata buhu a ka. Na ja motar a hankali, na wuce su. Mun isa rugar kafin ruwan ya sauko, na shigar da mai jego bukka, na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Sai da aka yi ruwan aka kusa ɗaukewa sannan suka iso, ta jiƙe sharkaf. Na kama ta ta sauko, ta tambaye ni ko yaron ya kama nono, na ce ya kama.